A Karanta Bayan Akwati Kafin A Biya: Kalmomin Talabijin, Bidiyo Da Rediyo A Kasuwar Ogbete

Duk lokacin da Salla ta gabato, ko kuma damina ta kawo jiki 'yan ci-rani suka fara ɗaure kaya, rumfunan masu kayan lantarki a Babbar Kasuwar Ogbete ta Inugu sukan cika da 'yan Arewa. Akwai mahauta, da masu kayan gwari, da dillalan shanu, da masu gadi, da masu gyaran takalma, kowa da ɗan abin da ya tara, yana neman tsarabar da zai shiga gida da ita. A da can tsarabar ba ta wuce rediyo mai batir ko agogon hannu ba. Yau kuwa sai a ga mutum ya rungumo kwalin talabijin mai faɗin allo ya nufi tashar mota, fuskarsa cike da fara'a.

To, amma ba kowace fara'a ce takan kai har gida ba. Ciniki a nan ana yinsa ne da Turancin kasuwa, mai kaya yana jero kalmomi irin su HD da LED da HDMI da PMPO, shi kuwa mai saye, don kada a ce bai waye ba, sai ya yi ta gyaɗa kai. Sai an yi tafiyar yini guda ko fiye, an isa Kano ko Sakkwato ko Azare, an tara iyali an kunna, sa'an nan a tarar akwatin bai kama tashar da ake so ba, ko kuma ya yi ƙara ya tashi da hayaƙi. Mayar da kaya daga can zuwa Inugu kuwa, kuɗin motar kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura. Abin da ake gani a Ogbete shi ne ake gani a kasuwannin Anacha da na Fatakwal.

Kalmomin nan ba su da yawa, ba kuma sai wanda ya yi karatu mai zurfi zai gane su ba. Galibinsu suna nan a rubuce a jikin wata 'yar takarda da ke manne a bayan kowane akwati, kuma abin da ke jikin takardar nan ya fi maganar mai kaya nauyi.

Inugu Ba Baƙon Talabijin Ba Ne

Garin Inugu kwal ne ya kafa shi. An gano kwal a yankin cikin 1909, aka fara haƙa cikin 1915, jirgin ƙasa kuma ya haɗa garin da Fatakwal cikin 1916. Ogbete na daga cikin unguwannin farko da leburorin haƙar kwal suka zauna. Hausawa da Fulani sun daɗe a garin, har ma wani Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950.

Ta fuskar talabijin ma garin yana sahun gaba. Tashar farko a Nijeriya ita ce WNTV ta Badun, wadda gwamnatin Cif Obafemi Awolowo ta buɗe ran 31 ga Oktoba 1959. Ta Inugu ce ta biyu, ta fara aiki cikin Oktoba 1960, watan da aka sami mulkin kai. Ta Kaduna da ta Ikko suka biyo baya cikin 1962. Duk waɗannan baƙi da fari suke nunawa, sai cikin 1975 tashar Jos ta fara watsa hoto mai launi. Cikin 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗe tashoshin a ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA. Ta hanyarta ne mutanen Arewa suka san Zebrudaya na Inugu, kamar yadda 'yan Arewa mazauna Kudu suke ɗokin ranar da za a sako musu Samanja daga Kaduna.

Kalmomi biyu na farko da suka fara rikita masu saye su ne VHF da UHF. Waɗannan zanguna ne guda biyu da ake aika shirye-shirye ta cikinsu. Tashoshi masu ƙananan lambobi, daga 2 zuwa 12, suna zangon VHF, kamar NTA Inugu a lamba 8, da NTA Fatakwal a lamba 10, da NTA Kano a lamba 5. Masu manyan lambobi, daga 21 zuwa 69, suna zangon UHF. Da gwamnatocin jihohi suka shiga kafa nasu tashoshi a farkon shekarun 1980, akasarinsu UHF suka samu, shi ya sa tashar da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa a Kano ta yi suna da CTV 67. Wanda ya riga ya sayi akwati mai VHF kaɗai, kome murɗawarsa ba zai ga tashar jiharsa ba. Eriyar ma ta bambanta: ta VHF sandunanta dogaye ne, ta UHF gajeru ne masu yawa.

PAL, NTSC Da SECAM

Hoton talabijin ba a dunƙule yake zuwa ba. Layi-layi ake zana shi daga saman allo zuwa ƙasa, da saurin da ido ba ya iya bi. A tsohon tsari, ƙasashen duniya sun rabu gida uku a kan yadda ake wannan zane da yadda ake sa masa launi.

Amurka da Japan suka bi NTSC, mai layi 525 da hoto kusan 30 a kowace daƙiƙa. Faransa da Rasha da ƙasashe rainon Faransa, har da maƙwabciya Nijar, suka bi SECAM. Nijeriya kuwa ta bi PAL, wanda wani injiniya Bajamushe, Walter Bruch na kamfanin Telefunken, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1960, mai layi 625 da hoto 25 a daƙiƙa. Ba da ka aka zaɓi waɗannan lambobi ba. Wutar lantarkin Nijeriya da ta Turai tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, aka daidaita yawan hotunan da rabin wannan juyi.

Abin da wannan ya jawo a kasuwa shi ne, kayan hannu da ake shigowa da su daga ƙetare, waɗanda a Gabas ake kira Beljiyam, a Yamma kuma tokumbo, ba duka ne suka dace da ƙasar nan ba. Akwatin Amurka ba ya riƙe hoton tashar Nijeriya. Na ƙasashen SECAM yakan rasa launi. Na Ingila kuwa, ko da yake shi ma PAL ne, nasa ana ce masa PAL I, na Nijeriya PAL B/G, kuma wurin da kowannensu yake ajiye murya dabam ne. Saboda haka sai hoto ya fito tangaran, murya kuwa sai shuu. Masu gyara sun ci abinci ƙwarai da sauya wa irin waɗannan akwatuna sashen murya. Daga baya kamfanoni suka fito da akwati mai karɓar duka tsare-tsaren, alhazai da fataken Dubai suka riƙa neman irinsa.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne ƙarfin wuta, wanda ake rubutawa da harafin V. Na Nijeriya 230 ne, na Amurka 120, na Japan 100. Kayan da aka rubuta wa 110V ko 120V, in aka cusa su a bango ba tare da taransifomar rage wuta ba, nan take za su ƙone, kuma ba mai kayan da zai karɓi ƙonannen abu. Yawancin sababbin akwatuna an rubuta musu 100-240V, watau suna karɓar kowace irin wuta, amma har yanzu ana samun tsofaffin amfilifaya da rikoda masu 120V a cikin kayan Beljiyam. Wannan shi ne layin farko da ya kamata a duba.

Zamanin Gajeren Zango Da Kaset

Kafin talabijin ya wadata, rediyo ne igiyar da ta ɗaure ɗan Arewa da gida. Haruffa uku ne a fuskarsa. MW shi ne matsakaicin zango, ya fi kai wa nesa da dare. FM muryarsa ta fi kowanne tsabta, amma ba ya nisa, don kusan a miƙe yake tafiya, tudu da tazara suna tare shi. SW kuwa shi ne gajeren zango, wanda yakan hau sama ya bugi wani rufi na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wuri mai nisan gaske. Da shi ne mutum yana zaune a Ogbete yake jin gaisuwar Rediyon Kaduna, da Sashen Hausa na BBC da aka buɗe cikin 1957, da Muryar Jamus tun 1963, da Muryar Amurka tun 1979.

Kalmar mita da masu shela suke faɗa awo ce ta tsawon zangon. Lissafinta mai sauƙi ne: a raba 300,000 da lambar kilohaz. Rediyon Kaduna ya daɗe a kan kilohaz 6090, in aka raba sai a sami 49 da 'yan kai, shi ne mita 49 da dattawa suka haddace. Abin lura a yau shi ne, ƙananan rediyoyi da yawa da ake sayarwa FM kaɗai gare su. Wanda zai kai wa tsoho a ƙauye mai nisa da birni sai ya tabbata ya ga SW a jiki.

Kaset ɗin murya kamfanin Philips ne ya fito da shi cikin 1963. C60 yana nufin minti 60, watau 30 a kowane gefe, C90 kuma minti 90. C120 zarensa siriri ne, shi ya sa rikoda ta fi cinye shi. A cikin irin waɗannan kasusuwa ne waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya da karatun malamai suka riƙa sauka Kudu a motocin shanu da na albasa.

Na bidiyo kuwa iri biyu ne suka yi takara. Sony ya fito da Betamax cikin 1975, JVC ya fito da VHS cikin 1976, kuma kaset ɗin ɗaya ba ya shiga injin ɗaya. VHS ya yi nasara, waɗanda suka sayi Betamax suka wayi gari da inji ba fim. Kaset mai lamba E-180 awa 3 yake ɗauka a gudun SP. In aka sa LP sai ya ninka, amma hoton ya rage kyau. A kan VHS ne aka yi Turmin Danya a Kano cikin 1990, da Living in Bondage na harshen Ibo cikin 1992, Titin Iweka na Anacha kuma ya zama cibiyar rarraba fina-finai. Sai dai tsohon tsari yana da wani aibi: duk kwafin da aka yi daga kwafi, hoto yakan ƙara dushewa. Fim ɗin Hausa kafin ya iso Fatakwal wani lokaci ya zama jikan kwafi, fuskokin 'yan wasa kamar ana hangen su cikin hazo.

Faifan VCD ya zo cikin 1993, yana ɗaukar kimanin minti 74, dalili ke nan da ya sa fim guda yake zuwa a faifai biyu. DVD ya biyo cikin 1996. Kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage yana ƙera injin VHS, ya daina cikin 2016. Mai ajiyar kaset ɗin biki ko na suna ya kamata ya kai a juye masa a waya ko a kwamfuta tun zaren bai yi funfuna ba.

Allon Zamani

Yanzu sai a dawo kan abin da ke rataye a rumfunan Ogbete a yau. Abu na farko shi ne inci. Ba faɗin allo ake aunawa ba, daga kusurwa ake ja a karkace zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ban da bakin roba. Inci 1 santimita 2.54 ne, saboda haka allo mai inci 32 zai ba da kimanin santimita 81, mai inci 43 kuma kimanin 109. Tef ɗin tela ya isa ya raba gardama, domin akan sami kwalin da lambar da ke jikinsa ta fi abin da ke ciki.

Na biyu, sunan da aka saba kiran kowane shafaffen allo da shi, watau filasma. Filasma ta gaskiya wani iri ne dabam, mai nauyi, mai zafi, mai shan wuta, kuma manyan kamfanonin da ke yin ta, Panasonic da Samsung da LG, sun daina tun 2014. Duk filasma ta ainihi da aka gani a kasuwa yanzu tsohuwa ce. Abin da ya cika kasuwa shi ne LCD, allon da ba ya ba da haske da kansa sai an haska shi daga baya. In ƙananan fitilu irin na tocilan zamani ne suke haska shi, sai a kira shi LED. Watau LED da LCD ɗan juma ne da ɗan jummai, fitilar baya ce ta bambanta su. Wannan ilimi yana da amfani ranar da akwati ya yi duhu amma murya tana fita: sau da yawa fitilun bayan ne suka mutu, kuma ana sauya su ba tare da an jefar da allon ba. OLED shi ne wanda kowane ɗigo nasa yake ba da haskensa, kuma tsadarsa ta yi wa sauran nisa. Wanda aka yi wa tayin OLED a kuɗin LED ya san akwai lauje cikin naɗi.

Na uku, kyawun hoto. Allon zamani ƙananan ɗigogi ne jere reras, yawansu shi ne kyawunsa. Wanda aka rubuta wa HD Ready galibi ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. Full HD yana da 1920 da 1080. 4K, wanda kuma ake ce wa UHD, yana da 3840 da 2160, watau ninki 4 na Full HD. Amma fa allo ba ya ƙirƙiro abin da ba a aiko masa ba. In tashar ko faifan na tsohon awo ne, babban allo ba abin da zai ƙara sai tona asirin dushewar hoton. A ɗaki ɗaya na haya, inda mai kallo yake zaune taku kaɗan daga allo mai inci 32, biyan kuɗin 4K asara ce kawai.

Na huɗu, kalmar Smart. Ma'anarta akwatin yana iya shiga intanet da kansa ya nuna YouTube da makamantansa. Ba ya zuwa da intanet a cikinsa, sai an ba shi daga waya ko wata na'ura, kuma data yake sha. Lambobin nan da ake gani a YouTube, 360p da 720p da 1080p, su ne dai layukan nan na hoto da aka yi bayani a baya. In lambar ta yi sama hoto ya yi kyau, data kuma ta ƙare da wuri.

Dijital, Dikoda Da Dish

Bambancin tsohon tsari na analog da sabon tsari na dijital shi ne, a dijital ana mai da hoto da murya lambobi ne kafin a aika. Saboda haka kwafi na ɗari daidai yake da na farko, kuma gurbin da tasha 1 take ci a da yanzu yana ɗaukar tashoshi da dama. Aibinsa kuwa, ba shi da tsaka-tsaki. A analog in sigina ta yi rauni akan ga hoto da yayyafi a daure a kalla. A dijital sai hoton ya daskare, ya farfashe, ya ɓace.

A taron Janeba na 2006 ƙasashen Afirka da Turai suka sa ranar 17 ga Yuni 2015 ta zama wa'adin barin analog. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba. An fara gwaji a Jos cikin Afrilu 2016, sai Abuja a ƙarshen wannan shekara, Kaduna da Ilori cikin 2017, Inugu a farkon 2018, Ikko da Kano cikin 2021. Tsarin da Nijeriya ta zaɓa sunansa DVB-T2. A lura da lambar 2 ɗin nan. Tsofaffin akwatunan Turai da yawa DVB-T ne kawai, ba su fahimtar T2. Na Amurka tsarinsu ATSC ne, na Japan ISDB, babu wanda zai kama dijital ɗin ƙasar nan da kansa. Irin waɗannan sai an haɗa su da dikoda, watau ɗan akwatin da ke fassara lambobin su koma hoto.

Dikoda iri biyu ce, kuma a nan ne 'yan tsaraba suka fi yin kuskure. Mai harafin T ta ƙasa ce, da eriya take aiki, kuma sai inda akwai turken watsawa a kusa. GOtv da dikodar eriya ta StarTimes irin wannan ne. Tana iya yin aiki sarai a Inugu, a kai ta ƙauyen da ba turke ta zama ado. Mai harafin S, watau DVB-S2, ta tauraron ɗan adam ce, da dish take aiki, ba ruwanta da birni ko ƙauye, domin tauraron yana can sama da tsakiyar duniya, nisan kilomita kusan 36,000, yana juyawa daidai da juyin ƙasa, shi ya sa ake kafe dish a fuska guda.

Sai kuma FTA, watau tashoshin kyauta da ba a biyan kuɗin wata. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki cikin 2014, ta wannan hanya ta shiga gidajen Hausawa a Kudu da ma ƙasashen maƙwabta. Ɗan abin da ke maƙale a gaban dish sunansa LNB, shi ne ke tattara abin da farantin ya tara ya tura cikin waya. Manyan dish na da, masu cin rabin tsakar gida, na zangon C ne. Ƙananan na yanzu na zangon Ku ne, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana tare shi. Mazauna Fatakwal, inda ruwa ba ya jin kira, kada su yi saurin zargin mai saiti in hoto ya ɗauke da hadari. Farantin da ya ɗan fi girma yana rage wannan matsala.

Wat Ɗin Gaskiya Da Wat Ɗin Kwali

A fannin sauti babu kalmar da ta ci kuɗin mutane kamar PMPO. Za a ga 'yar rediyo da ba ta fi bulo ba an rubuta mata wat 2,000 ko 5,000 da manyan haruffa. Wannan awo ba shi da ƙa'idar da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Awon da ake dogara da shi shi ne RMS, watau ƙarfin da na'ura take iya bayarwa a ɗore ba tare da murya ta shaƙe ba. Akwai hanyar kama ƙarya mai sauƙi: a duba bayan na'urar a ga wat nawa take sha daga bango. Abin da yake shan wat 40 ba zai yi ta fitar da wat 2,000 ba, don ba a ɗebo abin da ba a zuba ba.

Wannan ya shafi kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya na unguwannin Hausawa, waɗanda sukan tara kuɗin jama'a su sayi amfilifaya da lasifika. Ban da RMS, akwai lambar om, mai alama kamar kofaton doki, galibi 4 ko 8 ko 16. In aka jera lasifikoki da yawa a kan amfilifaya guda har om ɗin ya faɗi ƙasa da abin da aka rubuta mata, za ta yi zafi ta ƙone. Mono yana nufin murya ta hanya guda, sitiriyo ta hanya biyu, hagu da dama. Kiran salla da wa'azi mono ya wadatar. Lamba 2.1 kuwa sifika 2 ne da babban mai gurnani 1, 5.1 kuma sifika 5 da mai gurnani 1.

Wat ɗin da akwati yake sha shi ma abin dubawa ne ga mai ƙaramin janareto ko sola. LED mai inci 32 ba kasafai yake wuce wat 60 ba, tsohuwar filasma kuwa tana iya shan ninkin-ba-ninkin haka. Akwai kuma akwatuna masu alamar DC 12V waɗanda ke aiki da batir kai tsaye, sun dace da garin da wuta ba ta kai ba.

Ramukan baya su ma a ƙirga su. AV shi ne mai wayoyi uku: rawaya ta hoto, fara da ja na murya. HDMI waya guda ce mai ɗaukar hoto da murya tare, kuma ita ce ke kawo HD. Wanda ya haɗa dikodar HD da waya rawaya ya biya kuɗin abin da ba zai gani ba. USB shi ne ramin filas, inda ake sa fina-finan da masu turawa suka tura. SCART, dogon rami mai haƙora 21, na kayan Turai ne, yana bukatar mahaɗi.

Kafin A Ƙirga Kuɗi

A kowace babbar kasuwa, Kudu ko Arewa, akwai 'yan kasuwa masu amana, akwai kuma jabun kaya da aka liƙa wa sunan babban kamfani. Mai saye shi ne zai tsare kansa. Ya sa a juya masa akwati ya ga lambar V da ta W, ya ga ko akwai T2 ko S2. Ya auna inci. Ya sa a kunna a gabansa, a nuna masa farin allo da baƙin allo, don a nan ne mataccen ɗigo ko tabon haske yake bayyana. Ya gwada rimot da kowane rami. Ya tabbata lambar da ke jikin kwali ita ce a jikin akwati, a kuma rubuta ta a rasit tare da lambar rumfa da sharaɗin garanti, domin in rigima ta taso, rasit ne shugabannin kasuwa za su fara tambaya. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da yaron da ya iya, ba abin kunya ba ne. A mota kuma shafaffen allo a tsaye ake ɗaukar sa, ba a kwantar da shi a ɗora masa buhu.

Sama da duka, kafin ya bar masauki ya tambayi kansa inda kayan za su zauna: akwai wuta ko babu, akwai turken watsawa ko sai dish, wa zai gyara in ya lalace. VHF da Betamax sun wuce, wata rana HDMI da 4K ma za su wuce, amma kuɗin da aka tara da gumin rana a bakin titin Inugu ba su da sauƙin mayarwa. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya sa tsaraba ta yi albarka.